Daga Zariya zuwa dandamalin Landan: yadda mace ke zama jarumar wasan kwaikwayo a Birtaniya, mataki-mataki

A watan Mayun 2017, a zauren Royal Festival Hall da ke bakin kogin Thames, aka kira sunan Wunmi Mosaku ta hau ta karɓi kambun BAFTA na talabijin, babbar lambar yabo ta masu shirye-shiryen talabijin a Birtaniya. Rawar da ta jawo mata shi ita ce ta Gloria Taylor, mahaifiyar Damilola, yaron nan ɗan Najeriya mai shekara 10 da aka kashe a unguwar Peckham a 2000. Masu kallo da yawa a daren suka fara riƙe sunanta, kamar jiya ta fito. Alhali shekararta 10 ke nan da gama makarantar koyon wasa, tana ta faɗi-tashi tsakanin ƙananan gidajen wasa da fitowa a talabijin.

A Zariya aka haife ta a 1986, iyayenta Yarbawa ne malaman jami'a, aka tafi da ita Manchester tana 'yar shekara 1. Na ɗauko ta ne saboda ba ta tsallake ko mataki ɗaya ba a hanyar da yawancin jarumai mata na Birtaniya ke bi. To ƙanwata, in ke ce ke sha'awar wannan sana'a, ko 'yarki ce ke can tana damun ki da zancen, ga yadda abin yake tafiya. Ki riƙe shekara 10 ɗin nan a ranki, don za mu dawo kansu.

Mataki na 1: kafin shekara 18

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba sai an kashe dukiya ba. Mosaku ta yi shekara 11 tana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan 'yan mata ta Manchester. Abin da irin wannan ke koya wa yarinya shi ne numfashi, da sauraren na kusa da ita, da tsayuwa gaban jama'a ba tare da ƙafa ta yi rawa ba. Darasin wasan kwaikwayo a sakandare, ko ƙungiyar matasa ta gidan wasan garinku, duk aiki ɗaya suke yi.

Wadda ta kai shekara 14 tana iya neman shiga National Youth Theatre, ƙungiyar matasa ta ƙasa da Michael Croft ya kafa a 1956. Nan Helen Mirren ta fito a matsayin Cleopatra a 1965, daga nan kamfanin Royal Shakespeare ya ɗauke ta. In kuwa yarinya ƙarama ce aka ba ta aikin da za a biya ta, doka ta ce sai an karɓo lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma sai da babba mai kula da ita a wurin aikin.

Mataki na 2: wace makaranta, kuma da wane kuɗi

Sunayen makarantun wasa da ake ji su ne RADA, wadda aka kafa a 1904, tana kan titin Gower a tsakiyar Landan. LAMDA, wadda ta girme ta, tun 1861. Central da ke Swiss Cottage, tun 1906, inda Judi Dench ta yi karatu. Sai Guildhall a Barbican. Wajen Landan akwai Royal Welsh College a Cardiff da Royal Conservatoire a Glasgow. Digiri ne na shekara 3, daga safe zuwa yamma kullum, ba irin karatun jami'a ba ne da za ki shiga lakca 2 ki koma ɗaki. RADA ɗalibai 28 kacal take ɗauka a ajin wasa duk shekara, masu nema kuwa dubbai ne.

'Yar gida a Ingila kuɗin makarantarta na shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 fam 9,535 ne, kuma tana iya cin bashin gwamnati ta biya bayan ta fara samun albashi. Baƙuwa daga waje tana biyan fiye da ninkin haka, babu bashin gwamnati, sannan bizar ɗalibi ta hana ta yin wasa don kuɗi in ba cikin tsarin karatun ba. Hayar ɗaki a Landan kuwa wani ciwon kai ne daban, kuma jadawalin karatun bai bar wani lokacin neman na kai ba sai Asabar da Lahadi. Wannan ne ya sa aka daɗe ana ƙorafi a can cewa sana'ar na neman zama ta 'ya'yan masu hali. Tun kafin ki cike fom, ki nemi shafin tallafin karatu na kowace makaranta, ki tambaya ko suna yafe kuɗin odishin, wato gwajin wasa da ake yi kafin a ɗauki mutum, ga marasa ƙarfi. Da yawa suna yi, amma sai kin buɗe baki.

Ki kuma bincika lafiyar makarantar kanta. A watan Afrilun 2022 makarantar ALRA ta rufe dare ɗaya, ɗalibai na tsakiyar karatu. A farkon 2025 makarantar Bristol Old Vic, wadda ta yaye Olivia Colman, ta sanar cewa ta daina ɗaukar ɗaliban digirin farko saboda lissafin kuɗi ya ƙi fita. Suna kawai ba ya riƙe makaranta.

Akwai wata ƙofar. A 2003 Femi Oguns ya buɗe Identity School of Acting a Landan, karatun wucin gadi da mutum zai haɗa da aikinsa, musamman don matasa baƙar fata da manyan makarantun ba su cika gani ba. Letitia Wright da John Boyega can suka fito.

Mataki na 3: odishin

Nan ne ake tankaɗe da rairaya, don haka bari in daɗe a kai.

Kusan kowace makaranta jawabi 2 take nema, kowanne kamar minti 2, a haddace. Ɗaya daga tsofaffin wasanni, galibi na Shakespeare ko na zamaninsa, ɗaya kuma daga wasan zamani. Wasu na ƙara waƙa ɗaya ba tare da kiɗa ba, kuma ba daɗin murya suke aunawa ba, so suke su ga ko za ki iya isar da labari cikin waƙa. Zagayen farko yanzu yawanci bidiyo ne ake ɗauka a gida a tura. Wadda ta tsallake a kira ta ido da ido, a sake kira, har a kai ga wunin ƙarshe inda ake haɗa waɗanda suka rage a yi aiki tare tun safe.

Ga yadda ɗakin yake. Fili ne fayau, kujera ɗaya a tsakiya, mutum 2 ko 3 a bayan tebur da takardu. Ki gaishe su, ki faɗi sunanki da jawabin da kika zaɓa. Ki yi shi iya ƙarfinki, har kina jin kin burge. Sai ɗaya daga cikinsu ta ɗago kai ta ce ki sake, amma wannan karon ki zauna a ƙasa, ki yi kamar kina faɗa wa ƙanwarki da ke kwance ba ta da lafiya, kada ki tashe ta. Jarrabawar ke nan. Na farkon kowa ya iya, tunda wata 3 aka yi ana maimaita shi gaban madubi. Abin da suke son gani shi ne ko za ki iya sakin abin da kika shirya ki kama sabon umarni nan take. Wadda ta sake maimaita na farko da 'yar ƙaramar murya ta faɗi. Wadda ta bari maganar ta canza ma'ana a bakinta, ita ake sake kira.

Saboda haka kada ki haddace jawabi tare da motsin hannu da inda za ki yi kuka. Ki haddace kalmomin har su zauna daram, kina wanke-wanke kina faɗa, kina tafiya kina faɗa, amma ki bar yadda za a faɗe su a sake. Ki karanta wasan gaba ɗaya, don tambayar farko da za su yi miki ita ce wa kike yi wa magana, me kike nema a wurinsa, me ya faru kafin ki buɗe baki. Ki zaɓi rawar da ta yi kusa da shekarunki. Kuma ki yi jawabin zamani da harshenki na gida, ko na Manchester ne ko na Peckham. Kwaikwayon maganar 'yan fada ba ya burge kowa a ɗakin nan.

In an ƙi ki, kin shiga layin mutanen kirki. Makarantu 3 Carey Mulligan ta nema, duka suka ƙi ta. Da yawa sai a karo na 2 ko na 3 ake ɗaukarsu, kuma malaman kan fi son wadda ta ɗan ga duniya, ta yi aiki a shago, ta san wuyar haya, a kan 'yar shekara 18 da ta fito sakandare jiya. Mosaku ta ba da labarin cewa ba ta ma san da RADA ba sai da ta bi tarihin Albert Finney, wanda take gani a wani fim da take yawan kallo tana yarinya, ta ga ɗan Salford ne, maƙwabtan Manchester, kuma a RADA ya yi karatu. Ta nema, aka ɗauke ta.

Mataki na 4: shekara 3 a ciki

Wanda bai sani ba zai zaci daga shiga sai wasa. Ina! Shekarar farko kusan ba mai ganinki a dandamali. Kwance za ki wuni a ƙasa kina koyon numfashi daga ciki, kina sassauta muƙamuƙi da harshe, ana gyara miki tsayuwa da zama ta hanyar da ake kira dabarar Alexander. Akwai rawa, akwai faɗan dandamali da takobi da mari na ƙarya wanda har takardar shaida ake bayarwa a kai. Akwai darasin da za a tura ki gidan namun daji ki zaɓi dabba ɗaya, ki yi makonni kina kallonta, sannan ki dawo aji ki zama ita. Abin dariya ne a ido, amma mai koyon tafiyar raƙumin dawa ta daina jin kunyar jikinta.

Murya ita ce jarin 'yar wasan Birtaniya, kuma a ganina ita ce ta bambanta horon can da na sauran wurare. Ana so mutumin da ke kujerar ƙarshe a zaure mai cin mutum 1,000 ya ji raɗarki ba tare da lasifika ba, ki yi haka sau 8 a mako, wata da watanni, murya ba ta dushe ba. Ana koyar da karin harsuna: Ingilishin da ake kira RP, wanda aka san tsofaffin masu karanta labarai na BBC da shi, da na arewacin Ingila, da na Ailan, da na Amurka. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, abinci ne nan gaba.

Sai baitin Shakespeare. Wanda ya san arulli a rubutacciyar waƙar Hausa ba zai sha wuyar gane shi ba: layi ne mai gaɓa 10, mara nauyi da mai nauyi suna bin juna sau 5. Malami zai sa ki taka shi da ƙafa kina zagaya ɗaki har ya shiga jiki. Amfanin wahalar shi ne ki gane inda marubucin ya karya ma'aunin da gangan, domin a nan ne zuciyar mai maganar ta buga. Yadda mai sauraron waƙa ke jin inda baiti ya yi tuntuɓe, haka 'yar wasa ke bin wannan tuntuɓen ta gano inda fushi ko tsoro ya shigo.

A shekara ta 2 ake shiga manyan wasanni a cikin gida, da aikin kyamara da na makirufo. Kada ki raina rediyo. BBC na da gasar Carleton Hobbs tun 1953, wadda ke ba ɗaliban da suka yi nasara kwantiragin 'yan watanni a rukunin wasan kwaikwayonta na rediyo, wato albashi tun daga ranar fita.

Shekara ta 3 kasuwa ce. Ana buɗe wasanni ga jama'a, ana gayyato ejan-ejan, wato wakilan da ke nema wa ɗan wasa aiki, da masu zaɓen 'yan wasa, sannan a yi ranar baje koli inda kowace ɗaliba ke samun 'yan mintuna ta nuna kanta. A makonnin nan ake ganin 'yan aji ɗaya, waɗanda suka yi shekara 3 suna cin abinci tare, wata ejan 6 na nemanta, wata ko ɗaya babu.

Mataki na 5: ejan, Spotlight da Equity

Abu 3 ne ke mayar da ɗaliba ma'aikaciya.

Ejan shi ke tura sunanki inda ake neman 'yan wasa, ya yi cinikin kuɗinki, ya duba kwantiragi. Ladansa kaso ne daga abin da kika samu, yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin 100, na talla kan fi haka. Ba ya cin ko kwabo sai kin ci. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin rajista kafin ya samo miki aiki, ko ya ce dole sai wurin mai hotonsa za ki ɗauki hoto, ki kama gabanki. Kuma ba lallai babban kamfani irin su United Agents ko Curtis Brown ne alheri ga sabuwa ba. Ƙaramin ejan da ke ɗaga waya in kin kira ya fi babban da ya manta yana da ke. Wadda ba ta samu kowa ba tana iya shiga ƙungiyar haɗin gwiwa, inda 'yan wasa ke karɓa-karɓar zaman ofis suna nema wa juna aiki.

Spotlight kundin 'yan wasa ne tun 1927, da littafi ne, yanzu a intanet yake. Nan masu zaɓen 'yan wasa ke saka irin mutanen da suke nema, nan kuma suke duba fuskarki. Ana biyan kuɗin shekara, kuma sai mai shaidar horo ko shaidar aikin da aka biya ta ake karɓa. Shafinki na buƙatar hoton fuska da ya yi kama da ke ranar da ba ki yi kwalliya ba, da bidiyon minti 2 zuwa 3 na ayyukanki, da jerin abin da kika iya. A nan kada ki yi ƙarya. Wadda ta rubuta ta iya hawan doki, wata rana za a kawo mata doki. In kina jin Hausa ko Larabci ko Yarbanci, ki rubuta, don irin abin da ake bincikawa ke nan a rasa.

Equity ita ce ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, tun 1930. Da can ba ki isa ki yi aiki ba sai da katinta. Dokokin zamanin firaminista Thatcher suka kawar da wannan tilas. Duk da haka ki shiga, don ita ke yarjejeniyar mafi ƙarancin albashi da gidajen wasa da kamfanonin fim, tana da inshora, tana bin haƙƙin wadda aka cinye wa kuɗi. Tana da wata ƙa'ida kuma: mambobi 2 ba sa amsa suna ɗaya. Sunan yanka na Olivia Colman Sarah ne. Ta tarar akwai wata Sarah Colman a rajista, dole ta sauya.

Mataki na 6: shekarun jira

Mun dawo kan shekara 10 ɗin nan. Makaranta na koyar da komai ban da wannan, kuma a nan mafi yawa ke ajiye kaya.

Dubi yadda ta Mosaku ta tafi. Ta gama RADA a 2007, ta fara a Arcola, wani ƙaramin gidan wasa a gabashin Landan. A 2008 tana gidan wasan Royal Court. A 2009 ta samu shiga wani shirin 'yan sanda na BBC, daga baya ta yi 'yar sanda a wani shirin ITV na ɗan lokaci. Aiki na zuwa, aiki na yankewa. Olivia Colman ta gama a 1999, ta yi aikin buga takardu a ofisoshi, ta yi aikin shara da goge-goge, abin da ta ambata da bakinta ranar da ta karɓi Oscar a 2019 tana da shekara 45. Shekara 20 ke nan tsakani. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To me ake yi a tsakanin?

Na farko, ki nemi aikin cin abinci mai sassauci, wanda za ki iya bari gobe da safe in an kira ki: sayar da tikiti ko nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasa, koyar da yara darasi, amsa waya. Aikin da zai hana ki zuwa odishin ya riga ya raba ki da sana'ar, ko da albashinsa ya fi.

Na biyu, ki ƙware a ɗaukar kanki bidiyo, don tun bayan annobar korona yawancin zagayen farko haka ake yi. Saƙon ejan zai shigo da yamma: shafi 6, ana so kafin 12 na ranar jibi. Ki jingina waya a kan tarin littattafai daidai tsayin ido, a kwance ba a tsaye ba. Bango fari ko shuɗi a bayanki, hasken taga a fuskarki. Ki roƙi wata ta tsaya gefen waya ta karanta miki layin ɗayan, a hankali, kada muryarta ta danne taki. Idonki a kanta, ba cikin kyamara ba. Ki ɗauka sau 3 ko 4 ki zaɓi ɗaya, don na 20 ba ya fin na 3 kyau, gajiya kawai yake ƙarawa. Ki tura, ki manta. Galibi ba za ki ji komai ba, ko a'a ba za a ce miki ba, kuma shirun ba ya nufin kin yi laifi. Wataƙila wanda zai fito a mahaifinki gajere ne, ke kuma doguwa.

Na uku, ki san wa ke riƙe da ƙofa. Darakta ba ya ganin kowa sai wadda mai zaɓen 'yan wasa ta kawo masa. Irin su Nina Gold, wadda ta zaɓi 'yan wasan manyan shirye-shirye da dama, suna yawo ƙananan gidajen wasa da dare suna kallo. Odishin da ba ki ci ba amma kika yi kyau, ajiya ce. Mai zaɓen na iya tuno ki bayan shekara 2.

Na huɗu, kada ki raina aiki. Layi 5 a matsayin majinyaciya a Casualty, shirin asibiti na BBC wanda ke gudana tun 1986, ko fitowa a EastEnders ko Coronation Street, nan ake koyon tsayawa kan alama da aiki cikin sauri. Irin waɗannan ƙofofin ma raguwa suke yi, tunda an rufe shirin Holby City a 2022, aka rufe na Doctors a 2024. Akwai wasan barkwanci na lokacin Kirsimeti da ke cika gidajen wasa a kowane gari, akwai zagayen makarantu a motar haya, akwai karanta littafi a faifai, da muryar wasannin kwamfuta. Akwai zama 'yar ko-ta-kwana, ki haddace rawar jaruma kaf ki zauna bayan labule wata 4 ko Allah zai sa ta yi mura. A gidan wasa kuwa ƙa'ida ɗaya ce ba a ɗaga ƙafa a kanta: minti 35 kafin a ɗaga labule kowa na cikin gini.

Na biyar, haraji. Hukuma na ɗaukar 'yar wasa a matsayin mai zaman kanta. Ki yi rajista da hukumar haraji ta HMRC, ki adana rasiɗin hoto da na jirgin ƙasa da kason ejan, ki cike takardar shekara kafin 31 ga Janairu. Duk kuɗin da ya shigo ki ware wani abu gefe. Shekarar da aka samu da yawa ita ke kawo takardar harajin da ke zuwa a shekarar da babu.

Mataki na 7: in ba a rubuta miki ba, ki rubuta

Matsalar mata a wannan sana'a tsohuwa ce. A zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka bar mace ta hau dandamali a Ingila, kuma a wasanninsa rawar mata ba ta kai 1 cikin 5 ba. Ɗalibai mata sun fi yawa a masu nema, rawar da ake rabawa ta fi yawa a maza. In aka ce mace baƙa ce, sai ƙofar ta ƙara tsukewa.

Michaela Coel, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, ba ta jira ba. Aikinta na shekarar ƙarshe a Guildhall a 2012 wasa ne da ta rubuta wa kanta, ita kaɗai a dandamali, kan wata yarinya 'yar unguwar talakawa a Landan. Daga ƙaramin zaure ya kai National Theatre, ya zama shirin talabijin a 2015, ya kawo mata BAFTA a 2016. Da Netflix ya taya shirinta na gaba dala miliyan 1 ba tare da barin mata kaso a haƙƙin mallaka ba, ta ƙi, ta kai shi BBC. Phoebe Waller-Bridge ma bayan shekarun neman aiki da digirin RADA a hannu, wasan mace ɗaya ta kai bikin wasanni na Fringe a Edinburgh a 2013, daga nan komai ya buɗe.

Bikin nan na watan Agusta, wanda ya faro a 1947, ba ya tace kowa: in kina da kuɗin hayar ɗaki, kin shiga. Sai dai ki yi lissafi da idon basira, domin masauki a Edinburgh a watan yana da tsadar gaske, kuma yawancin masu zuwa da asara suke komawa. Ki fara gwada wasan a ɗakin saman wata mashaya ko ƙaramin zauren unguwa a ga ko yana tsayawa da ƙafarsa.

Mataki na 8: iyakarki

Tambayar da iyaye ke fara yi ita ce ko za a sa 'yarsu yin abin da bai dace ba, kuma suna da gaskiya. Ki yanke wa kanki abin da za ki yi da wanda ba za ki yi ba tun kafin a tambaye ki, ki gaya wa ejan a zaman farko: tsiraici, sumba, tallar giya ko caca. Yarjejeniyoyin Equity sun tanadi a sanar da 'yar wasa irin wannan fitowa tun kafin ta sa hannu, a kuma rubuta abin da ta amince da shi. Ƙa'idojin da ƙungiyar daraktocin Birtaniya ta fitar a 2019 sun hana neman tsiraici a odishin. Yanzu akwai ma'aikata na musamman da ke tsara irin waɗannan fitowa kamar yadda ake tsara faɗa. Coel ta sadaukar da kambunta na BAFTA na 2021 ga Ita O'Brien, mai wannan aikin. Odishin a ɗakin otal ko gidan wani da dare kuwa, ba odishin ba ne. Ƙin wata rawa zai rage miki aiki, wannan gaskiya ne, gara ki san haka tun yanzu.

Mataki na 9: tsallaka teku, da abin da ke bayan shekara 40

Karin harshen Amurka da na ce ki riƙe, ga ranarsa. Marianne Jean-Baptiste, ita ma 'yar RADA, ita ce baƙar mace 'yar Birtaniya ta farko da aka sa a takarar Oscar, a 1997. Duk da haka aikin da ya dace da ita bai zo a gida ba, ta koma Los Angeles ta yi shekara 7 a wani shirin talabijin na can. Cynthia Erivo ta gama RADA a 2010, amma a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, ta ci kambun Tony a 2016. Mosaku ma bayan BAFTA ɗinta manyan ayyukan da suka sa duniya ta san ta, daga 2020 zuwa yau, yawanci na kamfanonin Amurka ne. Mai wannan niyya na buƙatar wakili a can ban da na Landan, da bizar O-1 wadda sai an tara shaidar yabo da kambuna ake samu. Shi ya sa ake fara gina suna a gida.

Wadda ta yi horon dandamali kuma tana da wani abin da kyamara ba ta iya ƙwace mata in fuska ta fara nuna shekaru. Judi Dench ta fara da Ophelia a kamfanin Old Vic a 1957, ta yi kusan shekara 40 tana sarauta a gidajen wasa kafin 'yan silima na duniya su san ta a matsayin shugabar James Bond a 1995, tana da shekara 60. Oscar ɗinta na 1999 a kan fitowar kusan minti 8 ta same shi. Glenda Jackson ta bar wasa ta yi shekara 23 a majalisar dokoki, daga 1992 zuwa 2015, sannan ta dawo Old Vic a 2016 tana da shekara 80, ta ɗauki rawar Sarki Lear, rawar da aka rubuta wa namiji, wasan fiye da awa 3 kowane dare.